Tambaya da Amsa: Sau uku ana yi mishi format, ciwon bai tafi ba

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, da fatan kana lahiya kai da iyali. Ni ina Tawa, ina da ɗan shago na sezi da fotokofi, ɗalibai da masu neman aiki ke kawo mini takardu ina buga musu. Ordinater ɗina na tebur ne, okaziyon na saye shi, Windows 10 ke bisa. Tun bayan azumi duk sanda na kunna shi sai ya rubuto "Analyse et réparation du lecteur C" ya tsaya nan har in gaji, wani lokaci kuma ina tsakar aiki ekaran ya yi shuɗi ya mutu ya tashi da kanshi. Sau uku ina kai shi wurin mai gyara, kowace tahiya jika biyar, ya yi mishi format ya sa sabon Windows, in anka maido mini shi ya yi sati biyu ko uku lahiya lau sannan ciwon ya dawo. Yanzu kuma in na kara kunne ina jin wani ƙas-ƙas daga ciki. Mai gyaran ya ce virus ne daga kile ɗin USB na ɗalibai. Kuma akwai memuwar yara shida a ciki, wato kundin kammala karatunsu, waɗanda ba su yi sutunans (kare kundin gaban malamai) ba tukuna. Mi zan yi Malam? Daga mai karanta ku a Tawa.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya buɗa kasuwa. In mashin ɗin yana kunne yanzu da kake karanta wannan, tashi ka kashe shi tukuna ka dawo mu yi magana.

Ban ce kile ɗin ɗalibai ba ya kawo virus ba, yana kawowa sosai ma, amma virus ba ya yin ƙara, wannan ƙas-ƙas ɗin da kake ji ƙarfe ne ke kuka, diskidur ɗinka ne. An bar jaki ana ta dukan taiki, Windows ake ta sakewa alhali abin da Windows ɗin ke zaune a kai shi ne ya lalace. Ka san bangon laka da gara ta cinye ta ciki, a yi mishi sabon yaɓe a shafa farar ƙasa ya yi kyau kamar na amarya, ruwan farko na damina ya sake tsagewa a wuri guda? To format ɗin nan uku yaɓe ne.

Cikin diskidur akwai faifai yana juyawa sau 5400 ko 7200 a minti ɗaya, da wata ƴar allura da ke shawagi samanshi tana karatu tana rubutu ba tare da ta taɓa shi ba, tazarar da ke tsakaninsu ta fi silin gashi siranta nesa ba kusa ba. Fuskar faifan an yanka ta ƴan gidaje-gidaje da ake cewa sektar, in ɗaya ya ruɓe diski yana da na ajiya da yake musanyawa da shi a ɓoye ba ka ma sani ba, amma in ruɓewar ta fara yaɗuwa sai abin ya fi ƙarfinshi. Shi kuma format na gaggawa da yawancin masu gyara ke yi ba ya duba gidajen nan ko ɗaya, rajistar kawai yake sharewa, sai sabon Windows ya faɗa inda ke da sauran lafiya, ka yi sati biyu kana murna, kana ƙara fishiye yana ƙara ruɓewa har a taka ramin.

Abin farko memuwar yaran nan. Ka nemo kile ko diski na waje, ka kunna mashin sau ɗaya, ka kwashe su su kaɗai tukuna, takardun Word ne ba su da nauyi, sannan takardun sauran kiliyan, fina-finai da waƙoƙi kuwa a bari sai ƙarshe in diskin ya kai. Kar ka ɗauko babban dosiye ɗungurungum ka ce kofiye, zai je ya maƙale kan fishiye ɗaya da ya lalace ya yi ta gwadawa, ɗauki kaɗan-kaɗan. In Windows ya ƙi tashi, a ciro diskin a sa shi cikin ɗan akwatin nan na USB da ake cewa bwatiye a jona shi da wani mashin, ko a tada naka da Ubuntu, wani tsarin Linux da ke tada mashin a madadin Windows, daga kile a kwashe ta can. In kuma kwasar na tsayawa, akwai wani lojisiyel na Linux, ddrescue, shi dabararshi ya tsallake wuraren da suka lalace ya kwashe masu kyau duka sannan ya dawo ya lallaɓa sauran, ka tambayi mai gyaranka ko ya san shi, in ya yi maka kallon mamaki ka nemi wani.

Kuma don Allah kar ka bari kowa ya buga maka chkdsk /r kafin a kwashe kayan. Na san shi kowa ke fara faɗa. Umarnin nan bin gidajen diski yake ɗaya bayan ɗaya tsawon awoyi, kamar ka sa marar lafiya gudun famfalaƙi don ka gane inda ke mishi ciwo, diskin da ke ƙara yana iya cikawa a tsakiyar aikin. Kuma ko ya gama, shi damuwarshi rajista ta daidaita, ba ruwanshi da memuwar kowa, abin da ya kasa gane mai shi sai ya tara shi cikin wani ɓoyayyen dosiye FOUND.000 da sunaye irin FILE0000.CHK, ka zauna kana buɗewa ɗaya-ɗaya kana neman babi na uku na ɗiyan mutane.

Bayan kaya sun fita sai mu tambayi diskin da kanshi, don yana rubuta tarihin ciwonshi, tsarin ana ce mishi SMART. Ka sauko da CrystalDiskInfo, kyauta ne kuma ba ya cin koneksiyon. In ka buɗe za ka ga launi: shuɗi lafiya, ruwan ɗorawa gargaɗi, ja kuwa sai haƙuri. Amma kar ka tsaya ga launi, sauka ƙasa ka duba layuka uku. 05 shi ne yawan gidajen da aka riga aka musanya, C5 waɗanda ya kasa karantawa suna jiran hukunci, C6 waɗanda suka gagara gyara. Lambar da ke can ƙarshen layi ta hannun dama ita za ka duba, a lafiyayyen diski sifili ne zalla. In ka ga wani abu ka rubuta a takarda, ka sake dubawa bayan kwana biyu, in ya ƙaru magana ta ƙare. Kai kam da ƙarar nan, ko shuɗi ya nuna maka ni ban yarda da shi ba.

Akwai layi na huɗu da nake so ka kalla saboda ya taɓa kunyata ni, C7. Wata rana a wani biro nan Yamai na sa an sayi sabon diski da bakina, ina ta cika baki, bayan kwana goma aka kira ni ciwo ya dawo, ashe ɗan kabul ɗin SATA ne, jan nan siriri, bakinshi ya saki ƙurar hunturu ta daskare a ciki kamar an shafa kunu. C7 kurakuran hanya yake ƙirgawa tsakanin diski da uwar mashin, in shi ne ke hawa sauran na sifili to canza kabul, ka canza ramin da ake soka shi. Lambar ba ta komawa baya ko an gyara, abin lura kawai ta daina ƙaruwa.

Sai kuma ka tambayi kanka mi ya kashe wannan, kar ya kashe na gaba. Sau nawa kuran ke yankewa mashin na kunne? Kowace yankewa ana tsakar rubutu tana barin rajista a hargitse, shi ya sa yake tashi da saƙon nan na "Analyse et réparation". In ba ka da ondiler, akwatin batirin nan da ke riƙe mashin in kuran ya yanke, ka saya, in kana da shi ka gwada shi, zare wayar daga bango mashin na kunne ba ka buɗe komai ba, da yawa batirinsu zafi ya kashe tuntuni sai kukan tit-tit kawai suka iya. Akwatin da ke rarraba wuta cikin mashin shi ma in ya gaji yana sa diski ƙara, a gwada da wani. Zafi kuwa ba sai na gaya ma mutumen Tawa ba, watan Afrilu da Mayu digiri 40 wasa ne, balle shagon kwano da injin fotokofi na huci a gefe, yawancin diski iyakar da masu ƙera su suka sa 55 ne zuwa 60, shi CrystalDiskInfo ɗin zai nuna maka zafin a sama. Ɗaga mashin daga ƙasa, a buɗe a hure ƙura lokaci-lokaci.

Ni dai shawarata ka sayi SSD, wani irin diski ne da ba faifai ba allura, 256 Go ya ishe ka aikin sezi, kuma za ka rantse sabon mashin aka ba ka. Jika goma sha biyar ɗin da format ya ci da can ta tafi. In dole sai okaziyon, irin waɗanda ake zubawa a kasuwar Katako ta Yamai, ka ce a jona shi gabanka ka duba awoyin da ya yi yana aiki, shekara ɗaya cur awa 8760 ce, ka yi lissafi da kanka. Illar SSD ɗaya, shi ba ya kuka kafin ya mutu, don haka aikin mutane ya zamanto yana wuri biyu kullum. Kuma tunda sabon Windows za a sa, ka sani Microsoft ta daina tallafa ma Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025, a duba ko mashin ɗin zai ɗauki 11.

TAMBAYA: Malam ina wuni. Portabul ɗina batirinshi ya mutu, yana cikin mizajur, wato sabunta Windows, aka ɗauke kuran, tun daga nan "Préparation de la réparation automatique" kawai yake rubutawa yana ta zagaye. An duba diskin an ce lafiyarshi ƙalau amma wai sai format, ga lissafin kasuwancina da hotunan bikin ƙanwata duk a ciki. Daga wata ƴar kasuwa, Yamai.

AMSA: Lafiya lau Hajiya. Ke naki da sauƙi in Allah ya yarda, bangonki lafiya lau, yaɓen ne ya zube, kuma tsakaninki da format akwai ƙofofi da dama. Amma ke ma a fara kwashe lissafin da hotunan ta hanyar da na faɗa a sama, hannu na iya kuskure.

In ya gaji da zagayen zai kawo ki shuɗin shafi, ki shiga "Options avancées", sai "Dépannage", sai kuma "Options avancées". Fara da "Désinstaller des mises à jour" tunda ita ce ta tsaya rabi, in bai yi ba "Restauration du système", in bai yi ba "Outil de redémarrage système". In shafin ma ya ƙi fitowa a yi kile na Windows a wani mashin, 8 Go ko fiye, ki sani duk abin da ke kan kile ɗin zai goge, a tada da shi a zaɓi "Réparer l'ordinateur" can ƙasa, ba "Installer" ba. In ya nemi makullin BitLocker, tsarin da Windows ke kulle diski da shi, lamba ce 48, galibi tana cikin asusunki na Microsoft, ki shiga ta salula ki kwafo.

Duk sun ƙi? To "Invite de commandes", baƙin allon nan. Abu biyu ke ruɗa mutane a nan, harafin diski yakan canza, C ɗinki ya koma D ko E, ki buga dir D: ki gani ko akwai dosiye Windows a ciki, na biyu kuma wani lokaci kilabiye yakan juye ki danna A ya fito Q, ki riƙa kallon abin da kike bugawa. In kin gano harafin sai chkdsk D: /f, a lafiyayyen diski ba shi da matsala.

Ranar da ya tashi kar ki ce shi ke nan. Buɗe baƙin allon a matsayin administrater ki buga DISM /Online /Cleanup-Image /RestoreHealth, yana son intanet kuma yakan tsaya wuri guda kamar ya mutu, ki ƙyale shi ki je ki yi sallah, in ya gama sai sfc /scannow. Na farko ma'ajiyar kayan gyaran Windows yake gyarawa, na biyu ya ɗebo daga can ya maye fishiyen da suka karye, shi ya sa nake jera su haka. In har yanzu yana tangal-tangal, a soka kile ɗin Windows mashin na kunne a danna setup.exe a zaɓi a bar fishiye da lojisiyel, zai sake shimfiɗa Windows kayanki na nan, sharaɗin dai harshen ya zama ɗaya, in naki na Faransanci ne kile ɗin ma na Faransanci. Kuma Hajiya a sayi batir, ko a daina yarda da mizajur da tsakar ranar bazara.

TAMBAYA: Wai gaskiya ne in an sa mataccen diski cikin firiji yana tashi? Daga wani ɗalibi, Yamai.

AMSA: Ƙanena bar firiji da ruwan sanyi. Tsohuwar dabara ce ta diskin zamanin da, yanzu kana fito da shi cikin zafin nan raɓa za ta kwanta ciki da waje, allura ta bi ta kai ta kankare faifan. Kar kuma ka kwance shi don ka leƙa, ƙwayar ƙura ɗaya ta fi tazarar allurar girma. In abin da ke ciki na da muhimmanci ka naɗe shi ka ajiye, ka rubuto mini irin ƙarar da yake yi da ko mashin na ganinshi in an jona.