Hajiyarmu tana farkawa ƙarfe biyu na dare: me ya haɗa barci da ciwon damuwa?

Tambaya: Assalamu alaikum likita. Shekarun mahaifiyarmu 64. Tun rasuwar mahaifinmu shekara biyu da suka wuce ba ta koma daidai ba. Tana kwanciya bayan isha'i, amma ƙarfe biyu ko uku idonta ya bushe, kuma ko nafila ba ta iya tashi ta yi, sai dai ta yi ta juyi. Da safe ba ta son magana ko abinci, sai wajen la'asar take ɗan sakewa. A asibiti an ce ciwon damuwa ne, an ba ta amitriptyline. Yayana ya ce ya karanta cewa wani masani a ƙasar Holan ya gano sinadaran ƙwaƙwalwa ne ke kawo wannan. Shin mu je a auna mata sinadaran? Kuma mu saya mata melatonin?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah Ya jiƙan mahaifinku, Ya ba Hajiya lafiya. Abin da kika zayyana, wato farkawa tun kafin assalatu, nauyin zuciya da safe, da sauƙi zuwa yamma, sananniyar kama ce ta ciwon damuwa mai tsanani, kuma na ji daɗi da kuka kai ta asibiti maimakon a ce mata ta yi haƙuri kawai.

Ina kyautata zaton masanin da yayanki yake nufi shi ne Dick Swaab, wanda ya shugabanci cibiyar binciken ƙwaƙwalwa ta Holan a birnin Amsterdam daga 1978 zuwa 2005. A 1985 ya kafa ma'ajiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasar, inda mutane ke sa hannu tun suna raye cewa in sun mutu a ɗauki ƙwaƙwalwarsu tare da tarihin cutarsu don bincike. Yawancin aikinsa a kan wani ɗan yanki ne da ke can ƙasan ƙwaƙwalwa, haifotalamus, wanda nauyinsa bai wuce giram 4 ba, amma shi ke kula da yunwa, ƙishirwa, zafin jiki, lokacin barci da yadda jiki ke amsa tashin hankali.

Idan mutum ya shiga firgici ko matsi, haifotalamus yana sakin wani sinadari da ake kira CRH. Shi kuma sai ya umarci ƙululun fitiyutari, wanda zai aika saƙo ta jini zuwa ƙananan ƙululun da ke zaune kan ƙoda, su saki kotizol. Kotizol ba abokin gaba ba ne. Shi ke ɗaga sukari da hawan jini don jiki ya tashi aiki. A mai lafiya yana sauka ƙasa sosai wajen tsakar dare, ya fara hawa a ƙarshen dare, ya kai ƙololuwa jim kaɗan bayan an farka. In ya yi yawa a jini, ƙwaƙwalwa da kanta take jin haka ta rage CRH. A wurin masu ciwon damuwa da yawa wannan birkin ne yake sakewa: kotizol ba ya sauka yadda ya kamata da dare, kuma yana fara hawa tun lokaci bai yi ba. Kamar ladani ne da agogonsa ya yi gaba, ya kira assalatu ƙarfe biyu. Jikin Hajiya an tashe shi, alhali gari bai waye ba, babu abin yi sai tunani.

Tun 1984 Charles Nemeroff da abokan aikinsa a Amurka suka nuna cewa CRH ya fi yawa a ruwan laka na masu wannan ciwo. Abin da ɗakin binciken Swaab ya ƙara a 1994 shi ne leƙawa cikin ƙwaƙwalwar kanta. Suka yanka haifotalamus na mamata siriri-siriri, suka ƙirga ƙwayoyin da ke yin CRH a ƙarƙashin madubin likita, suka tarar na waɗanda suka yi fama da ciwon damuwa sun ninka na sauran wajen sau huɗu. A 1996 suka ga ƙari a ƙwayoyin da ke yin wani sinadarin, basofiresin, wanda ke ƙara wa CRH ƙarfi. A 2001 kuma suka juya ga agogon jiki, wasu ƙwayoyi da ke zaune daidai saman inda jijiyoyin idanu biyu suka gitta, suka sami alamar cewa aikinsu ya yi sanyi a masu ciwon. Wannan na uku shi ya fi jan hankalina, domin agogon nan shi ke tsara lokacin hawan kotizol da lokacin fitar melatonin, sinadarin da jiki ke saki da dare don ya shirya barci, kuma haske ne da ke shiga ta ido yake saita shi kowace safiya.

Masu auna barci ma sun ga abin daga nasu ɓangaren. A 1972 David Kupfer a Amurka ya nuna cewa mai ciwon damuwa yana faɗawa barcin mafarki da wuri. Mai lafiya yakan ɗauki kusan minti 90 kafin ya kai can, shi kuwa sau da yawa bai kai awa guda ba, kuma barcinsa mai nauyi na farkon dare, wanda shi ne ke wartsakar da jiki, yana raguwa. Shi ya sa za ki ji mara lafiya ya ce ya kwana amma kamar bai runtsa ba. Gaskiya yake faɗa.

To, sai dai akwai inda nake so yayanki ya ja birki. Marasa lafiyan da aka ƙirga ƙwayoyinsu a binciken 1994 ba su kai goma ba, kuma ƙwaƙwalwar mamaci ba ta iya faɗa maka wanne ya riga wanne, ciwon ne ya ƙara ƙwayoyin ko ƙwayoyin ne suka kawo ciwon. Kamfanonin magani sun zuba kuɗi mai yawa wajen haɗa magungunan da ke toshe CRH, da fatan za a sami sabon maganin damuwa, amma a manyan gwaje-gwaje ba su fi ƙwayar da babu magani a cikinta ba. Wannan bai rushe aikin Swaab ba. Ya dai nuna cewa CRH ɓangare ne na labarin, kuma ba kowane mai damuwa ne kotizol ɗinsa ke hawa ba.

Daga nan amsar tambayarki ta farko ta fito: kada ku kashe kuɗi wajen auna mata sinadaran ƙwaƙwalwa. An gwada hakan. A 1981 Bernard Carroll ya gabatar da wani gwaji inda ake ba mutum deksametason, wani magani mai kama da kotizol, da dare a auna kotizol washegari. Aka tarar kusan rabin masu ciwon ne kawai gwajin ke kamawa, kuma yana kama masu wasu cututtukan daban, sai likitoci suka bar shi. Har yau da tambaya da sauraro ake gane ciwon damuwa. Gwajin da zai amfane ta shi ne na maƙoƙo, na sukari da na yawan jini, domin matsala a ɗayansu tana iya kama da damuwa ko ta ƙara ta. Ki kuma tattaro duk magungunan da take sha ki nuna wa likita, musamman haɗin ciwon gaɓɓai da ake ƙullawa a kemis. Sau da yawa akwai deksametason ko firednisolon a ciki, waɗanda 'yan'uwan kotizol ne, suna hana barci suna kuma taɓa yanayin zuciya.

Batun melatonin kuwa, amsar tana cikin wani aikin da Swaab ya sa hannu a ciki tare da Eus van Someren, wanda aka buga a 2008. Tsofaffi 189 ne a gidajen kula da tsofaffi 12 a Holan, mafi yawansu masu ciwon mantuwa. A wasu gidajen aka sa fitilu masu haske sosai a ɗakin zama duk yini, a wasu aka bar haske na yau da kullum. Wasu aka ba su melatonin da dare, wasu ba a ba su ba. Hasken ya rage alamun damuwa da kashi 19 cikin ɗari. Melatonin ya ƙara barci da kusan minti 27, amma waɗanda suka sha shi ba tare da haske mai ƙarfi ba sun ƙara janye jiki, yanayin zuciyarsu ya ƙara lalacewa. Don haka ban ba ku shawarar saya mata shi ba, sai in likitanta ne ya ga dalili. A 2011 wani gwaji a Amsterdam da ya shafi mutum 89 masu shekara 60 zuwa sama, waɗanda ciwon damuwa ne takamaimai ke damunsu, ya nuna awa guda na haske mai ƙarfi kowace safiya har mako uku ya kyautata yanayinsu da barcinsu, ya kuma rage kotizol.

Su can sai sun sayi fitila saboda ranarsu ba ta da ƙarfi rabin shekara. Mu muna da ita a tsakar gida, amma ki lura da inda Hajiya ke yini. Da yawa daga iyayenmu mata, daga takaba suke sabawa da ƙuryar ɗaki, labule a sake, taga a rufe, kuma bayan wata huɗu da kwana goma ba sa komawa fita kamar da. Hasken irin wannan ɗaki bai kai kashi ɗaya cikin goma na hasken inuwar bishiya da hantsi ba. Ku shimfiɗa mata tabarma a tsakar gida da safe, ta yi karin kumallo a can, minti 30 zuwa awa guda, ba sai ta kalli rana ba. Wani ya zauna da ita, ko da jika ne. Ta riƙa tashi lokaci guda kullum ko daren ya yi kyau ko bai yi ba, barcin rana kada ya wuce rabin awa, goro da shayi kuma a tsayar da su daga azahar. Idan ta farka cikin dare ta kasa komawa, gara ta tashi zaune da ƙaramar fitila ta ja carbi har barci ya dawo, da ta kwanta tana juyi.

Duk wannan taimako ne ga maganin, ba madadinsa ba. Amitriptyline yakan gyara barci a kwanakin farko, amma sauƙin zuciya yakan ɗauki mako biyu zuwa shida, kuma a nan ne iyalai da yawa ke yanke ƙauna su daina. In ta warware, za ta ci gaba da sha aƙalla wata shida, kuma likita ne zai rage shi a hankali. A shekarunta yana iya kawo bushewar baki, taurin bayan gida da jiri in ta miƙe da sauri, don haka ta riƙa zama bakin gado kaɗan kafin ta tashi. In jirin ya yi yawa, ko tana da ciwon zuciya, ku koma a sauya mata, akwai wasu magungunan da suka fi sauƙi ga tsofaffi. Kada kowa ya ƙara mata maganin barci na diazepam daga kemis; yana sa faɗuwa da ruɗewa, kuma jiki yana sabawa da shi. Ki riƙe kwalin maganin a hannunki kina ba ta na kowane dare, domin shan sa da yawa a lokaci ɗaya yana da haɗari ga zuciya.

Idan kuka ji tana cewa ta gaji da duniya, ko ta zame muku kaya, ko ta daina ci da sha gaba ɗaya, kada ku jira ranar da aka ba ku. Ku kai ta a ranar ga likitan ƙwaƙwalwa, a asibitin koyarwa mafi kusa ko asibitin masu lalurar ƙwaƙwalwa irin na Barnawa a Kaduna, Dawanau a Kano ko Kware a Sakkwato. Haka nan idan barcinta ya ragu amma ta cika da kuzari da yawan magana ba gajiya, ku sanar da likita nan take, domin wannan wani ciwo ne daban kuma maganinsa daban.