Filin Tambayoyin Kwamfuta: Wane Fomat Ya Dace da Filash Ɗina?

Tambaya: Assalamu alaikum. Sana'ata ɗaukar bidiyon biki. Filash ɗina mai GB 32 ne, babu komai a cikinsa, amma da na zo tura bidiyo mai GB 6 sai kwamfuta ta ce ya yi girma. Jabu aka sayar mini? Daga mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Da wuya ya zama jabu. Galibin filash masu GB 32 zuwa ƙasa da tsarin ajiye fayil (fomat) mai suna FAT32 suke zuwa, shi kuwa ba ya karɓar fayil guda da ya kai GB 4, komai yawan sararin da ya rage. Maganin abin exFAT ne, wanda Microsoft ta fitar a 2006 saboda irin waɗannan na'urori. Shi ne ma tsarin da katin memori mai GB 64 zuwa sama yake zuwa da shi.

Da farko, in akwai wani abu a ciki ka kwashe shi, domin fomat sharewa yake yi tas. A Windows, danna filash ɗin da maɓallin dama na linzami, ka zaɓi Format, a gurbin File system ka sa exFAT, sannan ka danna Start. Sai dai ka lura: tsofaffin talabijin da rediyon mota da yawa FAT32 kaɗai suke ganewa. In a talabijin ɗin gidan amarya za a kalla, gwada tukuna, ko ka bar filash ɗin a FAT32 ka yanka bidiyon gida biyu, kowanne ƙasa da GB 4.

Tambaya: Na sayi faifan ajiya na waje mai TB 1 don adana takardun shago. exFAT zan sa masa shi ma? Daga mai karatu a Maradi.

Amsa: In Windows kaɗai kike amfani da shi, Hajiya, NTFS ya fi. Yana riƙe da rajistar abin da yake shirin rubutawa, don haka in aka ɗauke wuta ana tsakiyar aiki, yakan gyara tsarinsa da kansa idan an kunna. exFAT ba shi da wannan rajista. A exFAT, zare wayar faifan ba tare da danna Eject ba kan iya rikita babban fayil gaba ɗaya. Amma fayil ɗin da ake kan rubutawa lokacin da wuta ta tafi, ko NTFS ba lallai ya cece shi ba.

Cikas ɗinsa ɗaya: kwamfutar Mac tana karanta NTFS amma ba ta rubutu a kai sai da ƙarin manhaja. In faifan zai riƙa yawo tsakanin Mac da Windows, exFAT ya fi dacewa, tare da ajiye kwafi na biyu a wani wuri. Na Mac zalla a sa masa APFS, na Linux kuma ext4, amma Windows ba ya buɗe ko ɗaya daga cikinsu kai tsaye. Zai ma iya tambayar ki ko a yi wa faifan fomat. Kada ki amsa masa da eh.