Amsa: Me ya sa mazan Nijar suka fi namu tsawon rai?

Malam, ka tambaya yadda aka yi Nijar, duk da talaucinta, mazanta suka fi na Najeriya daɗewa a duniya. Alƙaluman Majalisar Ɗinkin Duniya haka suka nuna: a 1960 ƙasashen biyu kusan kunnen doki suke, matsakaicin tsawon ran namiji bai kai shekara 40 ba. Yanzu na Nijar yana wajen 60, namu kuwa 50 da 'yan kai.

Amma kada ka ɗauka dattijon Daura zai riga na Magarya rasuwa da shekara bakwai. Lissafin daga ranar haihuwa yake farawa, saboda haka duk jaririn da ƙyanda ko zazzaɓin cizon sauro ya ɗauke kafin ya yi wayo, shi ke jan adadin ƙasa. A nan Nijar ta yi rawar gani. A 1990 cikin yara 1,000, sama da 300 ba sa kai shekara biyar. Zamanin shugaban Nijar Mamadou Tandja aka yi ta gina ƙananan ɗakunan shan magani a ƙauyuka, a 2006 kuma aka mai da maganin yara 'yan ƙasa da biyar kyauta. Adadin yaran da ke mutuwa ya faɗo ƙasa da rabi.

Sai dai ni ban cika sakin jiki da tazarar ba. Mu nan a yi wa mutum wanka, a sallace shi, a kai shi makwanci kafin la'asar, wa ya je ya yi rajistar rasuwa? Ƙidayarmu ta ƙarshe ma tun 2006 ce. Yawancin alƙaluman ƙiyasi ne daga binciken gida-gida.