Me asibitin karkara zai iya yi, me kuma ya fi ƙarfinsa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Muna zaune nesa da birni, asibiti ɗaya ne a yankinmu. Iyalina tana da ciki wata biyar, mahaifina kuma yana fama da hawan jini. Waɗanne ayyuka irin wannan asibiti yake yi, kuma yaushe ya kamata mu wuce babban asibiti?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya sauke ta lafiya, ya ba Baba sauƙi.

Yawancin abin da ke kai mutum asibiti ana gama shi a nan: zazzaɓin cizon sauro, gudawa, ciwon huhu na yara, ɗinkin rauni, rigakafi, tamowa, da maganin tarin fuka na wata 6. Ɗakin gwajinsu yakan duba jini, fitsari, suga da majina. Hawan jinin Baba ma aikinsu ne. Daga 140/90 zuwa sama ake kiransa hawan jini, kuma abin da yake bukata shi ne awo a kai a kai da shan magani kullum. Abin da ya fi cutar da masu shi shi ne ajiye magani da zarar sun ji sauƙi, daga nan sai shanyewar ɓarin jiki ko ciwon ƙoda.

Maganar maiɗakinka ce ta fi bukatar natsuwa. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar mai ciki ta ga ma'aikatan lafiya aƙalla sau 8 kafin haihuwa. A wajen awo za a duba hawan jini, yawan jini, fitsari da kwanciyar jariri, a ba ta maganin ƙarin jini da allurar tetanus. Wannan kusan kowane asibiti yana yi. Inda ake bambanta shi ne ranar da haihuwa ta zo da gardama, musamman da tsakar dare.

Don haka ka je da kanka tun yanzu ka tambaya: ana yin tiyatar haihuwa a nan dare da rana? Tiyata ba likita kaɗai take bukata ba. Sai da mai ba da maganin barci, da kayan aiki da aka dafa, da wutar da ba za ta ɗauke ana tsakiyar aiki ba. Ka kuma tambayi batun ƙarin jini. Mace idan ta zubar da jinin da ya kai rabin lita bayan haihuwa, an shiga haɗari, kuma tana iya rasa ranta cikin 'yan awoyi. Allurar oxytocin ce ke matse mahaifa ta tsayar da jinin, amma zafi yana rage mata ƙarfi, shi ya sa ake ajiye ta a firiji tsakanin digiri 2 zuwa 8, kamar alluran rigakafi. Asibitin da firijinsa ya lalace yana iya yin allurar, jinin kuma bai tsaya ba. Shawarata, a san rukunin jininta yanzu, a tanadi 'yan uwa biyu masu lafiya da za su iya bayarwa, domin sai an gwada jini an tabbatar ba ya ɗauke da HIV, ciwon hanta nau'in B da C, da tunjere kafin a ƙara shi, wannan kuwa yana cin lokaci. Asibitin kuma ya kasance da allurar magnesium sulphate saboda jijjiga, da iskar oksijin saboda jaririn da ya zo bai yi kuka ba.

Asibitin da ke iya tiyatar haihuwa galibi yana iya aikin ƙaba da na afendis.

Akwai abin da ya fi ƙarfinsa, kuma ba laifinsa ba ne: wankin ƙoda, maganin ciwon daji, tiyatar ƙwaƙwalwa ko ta zuciya, mummunar ƙuna, da bakwainin da ya yi ƙanƙanta ƙwarai. Idan sun ce ku wuce gaba, kada ku tsaya gardama. Amma ko a irin wannan hali ku fara biyawa ta wurinsu, su tsayar da jini, su sa ruwa, su yi allurar farko, su rubuta takardar da ke nuna abin da aka ba mara lafiya da ƙarfe nawa aka ba shi. In ba takardar, can ma sai an faro bincike daga tushe.

Zubar jini, ciwon kai mai tsanani da dishi-dishin gani, jijjiga, naƙudar da ta wuce awa 12, ko jariri ya daina motsi, duk ba a jiran gari ya waye. Ka shirya motar da za ta ɗauke ta da lambar direban tun cikin yana wata bakwai.