Amsa: me ya sa rediyon mota take ƙin karanta had-disk?

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa, ka ce kana da had-disk mai 1TB cike da waƙoƙi da karatu, a kwamfuta yana aiki lafiya lau, amma da ka jona shi a rediyon mota sai fitilarsa ta kama, ya yi ɗan ƙas-ƙas, rediyon ta ce babu komai a jone. Kana tambaya ko had-disk ɗin ne ya lalace, kuma ko akwai dabarar da za ta sa ya yi aiki.

Bai lalace ba tukuna. Amma wannan ƙas-ƙas ɗin da kake ji, ka daina bari yana maimaituwa, don ta nan lalacewar take farawa.

Matsalar farko wuta ce. Ramin USB na yau da kullum 5V yake bayarwa, kuma ƙa'idar USB 2.0 ita ce 500mA, wato rabin 1A. Rediyoyin mota da yawa a nan suka tsaya, wasu sababbi kuma suna kai 1A ko 1.5A. Shi kuwa ƙaramin had-disk mai inci 2.5, akwai faifai a cikinsa da ƙaramin inji ke juyawa, galibi sau 5,400 a minti ɗaya. A daƙiƙun farko da zai tayar da faifan daga tsaye, yana iya jan kusan 1A. Idan wutar ba ta kai ba, faifan ya fara juyawa, wuta ta faɗi, allurar karatu ta koma mazauninta, ya sake gwadawa. Ƙarar da kake ji ke nan. Fitila kuwa ba ta cin komai, shi ya sa take kamawa ta sa ka zaci komai daidai ne. Ka duba kusa da ramin USB ɗin ko cikin littafin rediyon, yawanci ana rubuta ƙarfin wutar. Babban had-disk mai inci 3.5 ma ba a maganarsa, domin shi 12V yake buƙata daga cajarsa ta daban.

Ko da wutar ta isa, akwai shinge na biyu, wato tsarin da aka yi wa ma'ajiyar fomatin da shi. Yawancin had-disk suna zuwa da NTFS ko exFAT, yawancin rediyoyin mota kuwa, musamman tsofaffi, FAT32 kawai suka sani, sai FAT16. Sababbin masu allon taɓawa da masu Android sukan karanta exFAT, wasu har NTFS, amma kada ka ɗauka haka nan sai ka gani a littafin. Windows ba ta nuna maka zaɓin FAT32 a tagar fomatin ɗinta idan ma'ajiya ta wuce 32GB. Wannan iyakar manhajar ce kawai, FAT32 kansa yana ɗaukar har 2TB. Da manhajar Rufus ko guiformat za ka yi shi cikin ɗan lokaci. A Mac kuwa, cikin Disk Utility ka zaɓi MS-DOS FAT. Iyakar FAT32 ita ce fayil ɗaya ba ya wuce 4GB, wadda ba ta shafi waƙa ba.

Akwai wani abu da mutane da yawa ke tsallakewa, su yi FAT32 ɗin amma rediyo ta ci gaba da ƙi. Teburin rabon ma'ajiyar dole ya zama MBR, ba GPT ba, kuma rabo ɗaya tak, domin rediyoyi da yawa rabon farko kaɗai suke dubawa. Idan had-disk ɗin irin mai kalmar sirri ne, ka cire makullin gaba ɗaya, rediyo ba ta da inda za ta karɓi kalmar. Kafin duk wannan, ka kwashe kayanka zuwa wani wuri, fomatin yana share komai.

To, a ce ka gyara wuta ka gyara fomatin. A nan ne nake ganin had-disk bai cancanci wahalar ba. Kowace rediyo tana da iyakar fayil da folda da za ta iya ƙirgawa. Za ka ga wata 255 ko 999 take gani a folda ɗaya, jimillar fayil kuma tsakanin 10,000 da 20,000 a masu kyau, zurfin folda cikin folda sau da yawa hawa 8. Abin da ya haura ba za ta yi maka gargaɗi ba, kawai ba za ka gan shi ba. Yi lissafi: MP3 mai 320kbps, wanda shi ne ƙololuwar ingancinsa, yana cin 2.4MB a minti. Waƙar minti 4 ba ta kai 10MB ba. Filash mai 32GB zai ɗauki sama da waƙa 3,000, fiye da awa 200 na sauraro. Idan karatu ne ko wa'azi a 64kbps, ka ninka wannan sau 5. Ke nan rediyon za ta cika iyakarta tun kafin ka ci kashi ɗaya cikin huɗu na 1TB ɗinka. Ga kuma jira: duk lokacin da ka tayar da mota, rediyoyi da yawa sai sun sake bin fayilolin ɗaya bayan ɗaya kafin sauti ya fito, kuma idan sun yi yawa sai ka yi tafiyar mintuna shiru.

Sannan mota ba muhallin had-disk ba ce. Allurarsa tana shawagi ne a saman faifan da tazarar da ta fi gashin kai siranta nesa ba kusa ba, gargada ɗaya mai ƙarfi tana iya sa ta karci faifan. An ƙera shi ya yi aiki a zafin da bai wuce 55 zuwa 60 a ma'aunin Salsiyos ba, cikin motar da aka rufe a rana kuwa yana iya kai wannan ko ya zarce, musamman kan dashbod. Ƙari a kan haka, lokacin da kake murɗa makulli wutar batir takan faɗi zuwa wajen 10V, rediyo ta ɗauke ta dawo, had-disk ya mutu yana tsakiyar juyawa. Kullum haka, safe da yamma.

Shawarata ita ce ka bar had-disk a gida ya zama rumbunka, ka sayi filash mai 32GB ko 64GB na kamfanin da aka sani, ka riƙa ɗiba kana zubawa. Ka zaɓi guntu wanda ba ya leƙowa sosai, domin dogo gwiwa ko jaka kan buge shi ya karya ramin rediyon, gyaran ramin kuma ya fi filash ɗin ciwo. Kafin ka zuba komai ka gwada ainihin girmansa da manhajar H2testw. Akwai na jabu da ke nuna 64GB alhali ainihinsa 8GB ne, alamarsa ita ce waƙoƙin farko suna yi, na baya kuma su ƙi buɗewa. Idan sauraronka ya kasu gida-gida, filash biyu ko uku ƙanana sun fi babba ɗaya saurin lodi da sauƙin nema yayin tuƙi.

Idan ka dage sai babbar ma'ajiya, SSD ya fi, ba shi da abin da ke juyawa, gargada ba ta dame shi ba. Sai dai shi ma wasu, musamman masu NVMe, suna jan wutar da ta fi ƙarfin rediyo. Idan kuma had-disk ɗin nan dai kake so, ka nemi kebul mai kai biyu: kai ɗaya a rediyo don bayanai, ɗayan a cajar ramin laita, wato ramin kunna sigari na mota, mai 2A. Ka fara jona na cajar, sannan na rediyon. Hatsarinsa shi ne wutar caja tana iya komawa cikin rediyon, shi ya sa masu gyara suke rufe ƙafar 5V ta kan da ke shiga rediyo da ɗan salatif, ko su yanke jar wayar wannan ɓangaren. Idan ka fara jin wani zuuu da ke ƙaruwa da ka taka totur, cajar ce ke shigo da hayaniya, canza ta da mai inganci. Kebul ya zama gajere mai kauri, kada ya wuce rabin mita in zai yiwu, siriri dogo yana zubar da wuta a hanya. Mahaɗar USB mai rami da yawa kuwa, yawancin rediyoyi ba sa aiki da ita. Ka kwantar da had-disk ɗin kan soso a inda rana ba ta dukansa, kuma kada ya zama shi kaɗai ne kwafin kayanka.

Saura fayilolin kansu. MP3 kowace rediyo tana ci, WMA da AAC galibi, FLAC sai sababbi. Saƙon murya na WhatsApp tsarin Opus ne, sai ka juya shi zuwa MP3, canza sunan ƙarshen fayil kawai ba ya juya shi. Waƙoƙin da ka sauke a cikin Spotify da ire-irensa a kulle suke, ba sa fita daga manhajar. Idan sunan waƙa yana fitowa a hargitse, ka mayar da bayanan ID3, wato sunan waƙa da na mawaƙi da ke cikin fayil, zuwa sigar 2.3 da manhajar Mp3tag, tsofaffin rediyoyi ba sa fahimtar 2.4 sosai, haruffa masu ƙugiya kuma su kan fito kamar akwati ko alamar tambaya. Hoton bangon waƙa kada ya wuce 500 sau 500, JPEG, babba yana sa wata rediyon ta daskare. Wanda ya zuba da Mac zai ga wasu fayiloli masu farawa da ɗigo da layin ƙasa, rediyo tana ɗaukarsu waƙa ta kasa buɗewa, umarnin dot_clean yana share su.

Jerin waƙoƙi ma yana ba mutane mamaki, musamman mai sauraron karatu sura bayan sura. Rediyoyi da yawa ba sa bin haruffa, suna bin yadda aka rubuta fayilolin a cikin filash, wanda ya fara shiga shi ne na farko. Ka sa lamba a gaban kowane suna, 001, 002, har zuwa ƙarshe, da sifilin gaba, in ba haka ba 10 zai riga 2 fitowa. Idan duk da haka jerin ya ƙi, ka bi filash ɗin da DriveSort a Windows ko fatsort a Linux, kuma ka sake yi duk lokacin da ka ƙara sabon abu.

Don ka gane ko matsalar daga rediyon take ko daga ɓangaren had-disk, ɗauki ƙaramin filash mai FAT32, zuba MP3 guda 5 ba tare da folda ba, ka jona. Idan ya yi, rediyon lafiyarta ƙalau, matsalar wuta ce ko fomatin na had-disk ɗin. Idan bai yi ba, wataƙila ramin na caji ne kawai, ko wayar bayansa ta saki. Turo mana sunan rediyon da lambar samfurinta, sai a duba maka iyakar fayil da ƙarfin wutarta daidai.