Hukuncin aikin abokin gwaji a sansanin damben boksin

Tambaya: Assalamu alaikum, Allah ya gafarta Malam. Ina zaune a Karantina, Jidda. Da yamma ina zuwa gidan motsa jiki inda ake koyar da damben boksin. Tun ina gida na taɓa damben gargajiya, kuma ni bahago ne. Mai koyar da mu ya ce akwai ɗan damben da zai kara da wani bahago a Riyad, ana neman bahagwai da zai riƙa gwaji da su na wata biyu, kuma kuɗin ya ninka albashina. Ba gasa ba ce, babu 'yan kallo, babu caca, ana sa hular kariya da babbar safa. Na gwada makon jiya, an same ni a muƙamuƙi, jiri ya ɗebe ni, da dare na yi amai, amma yanzu na ji sauƙi. Na ji wani malami a intanet ya ce damben zamani halas ne tunda akwai dokoki da likitoci, kuma Annabi (SAW) ya yi kokawa da Rukana. In karɓi aikin?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗana, abin da ka ambata a ƙarshe kamar ba komai ba, shi ne zan fara da shi. Jiri da amai bayan duka a muƙamuƙi alamu ne na girgizar ƙwaƙwalwa. Ka je asibiti yau, ka faɗa wa likita ainihin abin da ya faru, kada ka ce faɗuwa ka yi don tsoron kafili ko batun iƙama, wato takardar izinin zama. Jin sauƙi ba warkewa ba ce, kuma duka na biyu kafin na farko ya warke shi ne wanda kan kumbura ƙwaƙwalwa. Ko buhun naushi kada ka taɓa sai likita ya sallame ka.

Koyon naushi a kan buhu, tsalle da igiya, gudu, da koyon kare kai, duk halas ne, babu saɓani. Caca kuwa ka san hukuncinta. Hukuncin aikin da aka yi maka tayi yana rataye ne a kan abu guda: shin a gwajin ana dukan fuska da kai? Annabi (SAW) ya umarci wanda zai yi duka ya nisanci fuska, hadisin yana cikin Bukhari da Muslim. Kai kuma ka riga ka ba ni amsa da muƙamuƙinka. Don haka wannan aikin bai halatta gare ka ba, kuma ladan da ake biya a kansa ba ladan halas ba ne, domin abin da ake saya a wurinka shi ne ka daki fuska a kuma daki taka.

Rashin 'yan kallo bai sauya komai ba, ina ma ganin abokin gwaji ya fi wanda ke neman kambu shiga haɗari. Ranar gasa akwai alƙalin da zai tsayar da wasa, da likita a gefen fili, kuma wanda aka yi wa bugun kwaf ɗaya hukumar dambe kan dakatar da shi wata ɗaya ko fiye. A sansani babu mai dakatar da kai. Ana shafe makonni takwas zuwa goma sha biyu ana shiri, kuma ba a kawo ka don ka koya ba, an kawo ka ne ka kwaikwayi abokin karawarsa. Shi ya sa suke neman bahago: mai shirin karawa da irin su Oleksandr Usyk na Yukren dole ya saba da naushin da ke zuwa ta ɓangaren da bai saba ba. In abokin karawar mai salon 'yan Meziko ne, wato ya yi ta kutsawa gaba yana shan duka don ya samu ya rama, haka za a ce ka yi, kullum. Da ma salon 'yan Kuba ne, na zille-zille da tara maki, da sauƙi kaɗan, amma ba kai ke zaɓa ba.

Hular kariya kuwa tana hana tsagewar gira da kumburin kunne, ba ta hana ƙwaƙwalwa buguwa da ƙoƙon kai idan kai ya fizgu. Hukumar damben 'yan koyo ta duniya da kanta ta cire wa manyan maza hular a 2013, kuma haka suka yi wasa a Olamfik na Riyo a 2016. Safar gwaji mai nauyin oza 16 ta fi ta gasa mai oza 8 ko 10 kauri, amma tana kuma kare hannun mai duka, sai ya samu ya yi ta naushi bai gaji da ciwon hannu ba.

Yanzu maganar malamin da ka ji. Akwai masu wannan ra'ayi, kuma ba na zarginsu da son zuciya, amma hujjojinsu ba su tsaya ba.

Kiyasi a kan kokawar Rukana kiyasi ne da ke da bambanci. A kokawa nasara ita ce ka kai mutum ƙasa, kuma ana kai shi ya tashi ya kaɗe ƙura. In an ji ciwo, tsautsayi ne. A boksin nasara mafi daraja ita ce ka daki kansa har ya kasa tashi kafin a ƙirga goma. Cutarwar ita ce abin nufi, ita ake ba maki, ita ake biyan kuɗi a kalla. Wanda ya ce ai ƙwallon ƙafa ma ana karyewa, sai a ce masa a can wanda ya yi ƙeta kati ake ba shi, a nan kambu ake ɗaura masa.

Dokoki da likitoci sun rage ɓarna, ba su taɓa asalin abin ba. A 1982 Duk Koo Kim na Koriya ta Kudu ya faɗi a turmi na 14 a karawarsa da Ray Mancini a Las Vegas, ya mutu bayan 'yan kwanaki. Daga nan WBC, ɗaya daga cikin manyan hukumomin damben duniya, ta rage wasan kambu daga turmi 15 zuwa 12, sauran hukumomin suka biyo baya. To, turmi 12 na minti uku-uku minti 36 ne na dukan kai. Ƙasashen da ba su san fiƙihu ba ma sun ga abin da muke gani: Suwidin ta hana damben sana'a a 1970, Norwe a 1981, suka shafe shekaru da dama kafin su sassauta.

Sai yardar juna, wadda ita ce masu halatta shi suka fi jingina da ita. Jikinka amana ce, ba mallakarka ba ce da za ka ba da izinin a lalata. Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗatul Alamil Islami, a zamanta na goma a Makka cikin Safar 1408, wato Oktoba 1987, ta haramta boksin a yadda ake yin sa a fagagen gasa, kuma ta kafa hujja da maganar malaman fiƙihu cewa in mutum ya ce wa wani "kashe ni", bai halatta ya kashe shi ba, in ya yi kuma akwai hukunci a kansa.

Na san abin da ke zuciyarka ko da ba ka rubuta ba: ai a ƙasar nan ake yi. Gaskiya ne. Anthony Joshua da Andy Ruiz sun kara a Dir'iyya a Disamba 2019, Usyk da Joshua a Jidda a Agusta 2022, sannan Usyk ya doke Tyson Fury a Riyad a Mayu 2024 ya haɗa kambuna huɗu na ajin masu nauyi. Amma faruwar abu a wuri ba dalilin shari'a ba ne, kuma ba na ba ka wannan amsa don ka je kana zagin hukuma ko kana jayayya a majalisu. Kanka na ce ka tsare. Haka kuma Musuluncin Muhammad Ali, Allah ya jiƙansa, ba fatawa ba ne. Damben gargajiyarmu ma, da zarensa da turminsa uku da kisansa, hukuncinsa ɗaya ne, fuska ake nema.

Ka koma wurin mai koyar da ku ka tambaye shi wani aikin. Sansani yana bukatar mai riƙe faifan hannu da ake naushi a kai, da mai lura da atisaye, kuma bahago yana da amfani a nan ma. Sai dai in sansanin na shirin gasar kambu ne kai tsaye, na fi so ka nisance shi, domin taimako ne a kan abin da muka ce bai halatta ba. Koyar da motsa jiki da kare kai ga jama'a, ko gwajin da aka yi sharaɗin ba a taɓa kai kuma ba a sakin ƙarfi, wannan babu laifi, matuƙar wando ya rufe daga cibiya zuwa gwiwa kuma ba a ci lokacin salla ba. Ka kuma duba ko iƙamarka ta ba ka damar wani aiki kafin ka karɓi riyal ɗaya, kada ka tsira daga naushi ka faɗa hannun hukuma. In akwai bashi ko matsi daga gida da ya sa kuɗin nan ya tsone maka ido, ka sake rubuto mini a kan wannan. Wallahu a'alam.