Birkin Filin Tsere: Amsoshin Tambayoyinku Kan Zafi, Ƙarfe da Nauyin Ƙafar Mota

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da mota mai ƙarfi, nauyinta wajen kilo 1,400. Kwanan nan na fara shiga filin tsere da ita a ranakun da ake buɗe wa masu motocin hawa. Zagaye uku na farko lafiya lau. A na huɗu na taka birki, ƙafata ta nutse kusan har ƙasa, da ƙyar na sha kwanar. Abokaina sun ce in sayi babban birki mai fistin shida. In saya?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Alhamdu lillahi da ka fito lafiya, don abin da ya same ka ya sha kai mutane bango. Amma kada ka sayi babban birkin tukuna. Abin da ka kwatanta alamar tafasar man birki ce, kuma ko fistin goma ka ɗaura, muddin tsohon man nan ne a ciki, zai sake tafasa.

Aikin birki shi ne mayar da gudu ya zama zafi. Motarka in tana gudun kilomita 200 a awa, ka sauko da ita zuwa 80 don shiga kwana, zafin da ya fito ya kai wajen megajul 1.8, wato abin da zai ɗauki lita 5 na ruwan sanyi ya kai shi ga tafasa, kuma duk cikin daƙiƙa uku zuwa huɗu. Kusan kashi 70 cikin 100 na wannan zafi faifan birkin gaba biyu (ƙarfen da ke juyawa tare da taya, wanda birki ke matsewa) ne ke shanye shi. In kowanne kilo 10 ne na baƙin ƙarfe, taku ɗaya tak zai ƙara musu digiri 140 ko kusa da haka. A kan titi kana takawa sau ɗaya, iska ta samu lokacin fifita su. A fili kuwa kafin su huce wata kwanar ta iso, zafi ya hau kan zafi, har faifan ya kai digiri 500 ko 600. Ka kuma riƙe cewa in gudu ya ninka sau biyu, zafin sau huɗu yake ninkawa. Shi ya sa direba yana ƙara ƙwarewa, birkinsa yana ƙara shan wuya.

Hanya biyu birki ke gazawa a fili, kuma ƙafarka za ta bambance maka su. In fedal ya yi tauri kamar kullum amma mota ta ƙi tsayawa, fad, wato takalmin birkin da ke matse faifai, shi ne ya wuce zafin da aka yi shi dominsa, ya fara santsi a kan faifai. In kuwa fedal ya yi laushi ya nutse, man ne ya tafasa, tururi ya cika kalifa, wato gidan fistin da ke tura fad ya matse faifai. Ruwa ba ya matsuwa, tururi kuwa yana matsuwa, don haka ƙarfin ƙafarka a kan tururin yake ƙarewa bai isa ga fad ba. Naka na biyun ne.

Man birki yana tsotsar danshi daga iska sannu a hankali. Ƙa'idar DOT 4, ɗaya daga cikin lambobin da ake rarrabe man birki da su, ta ce sabon mai kada ya tafasa ƙasa da digiri 230, amma in ya sha ruwa kashi 3.7 cikin 100, iyakar ta sauko zuwa 155. DOT 3 ya fi haka ƙasa: 205 yana sabo, 140 bayan ya jiƙe. Man da ya shekara biyu a mota ya fi kusa da lamba ta biyu. To ka fara da zubar da shi duka, ba ƙari a kai ba, ka zuba man tsere irin Motul RBF 600 ko Castrol SRF, waɗanda suke haura digiri 300 suna sababbi. Shi SRF ko ya jiƙe yana riƙewa har wajen 270, dalilin tsadarsa ke nan. A cire iska da kyau a kowace ƙafa, kuma a maimaita cirewar kafin kowace ranar fili. Ka kula da lamba: DOT 5.1 ɗan gidan su DOT 4 ne, suna haɗuwa, amma DOT 5 na silikon ne, ba ya gauraya da su, bai kuma dace da mota mai ABS (na'urar da ke hana taya kullewa in an taka birki) ba.

Bayan mai sai fad. Na kamfani an yi shi ne don ya kama da sanyin safiya, kada ya yi ƙara, kada ya ɓata wili da ƙura. Da zafi ya kai digiri 350 zuwa 400 yawancinsu sun fara sakewa. Akwai na tsaka-tsaki irin Ferodo DS2500 da ke zuwa fili ya kuma koma gida, akwai na tsere zalla irin Pagid RSL29. Na tseren yana ƙugi, yana zubar da baƙar ƙura, yana cin faifai in bai ɗau zafi ba. Ni shawarata ka ajiye saiti biyu, ka riƙa sauyawa, aikin bai wuce na awa guda ba. Kuma kada ka shiga fili da fad ɗin da ya ci fiye da rabi, domin kaurinsa shi ne katangar da ke tsakanin wutar faifai da man da ke bayan fistin.

Sai iska. Wannan ita ce gyaran da na fi ƙauna, domin ba ta ɗora wa ƙafar mota wani nauyin kirki. Tiyo mai jure zafi ne ake janyowa daga gaban bamba zuwa tsakiyar faifai ta ciki, inda faifan yake zuƙar iska ya watso ta waje ta ramukan da ke tsakanin fuskokinsa biyu. A tsakiyar za a nufa, in aka hura fuska ɗaya kawai sai ɓari guda ya fi ɗaya sanyi, faifan ya riƙa tsagewa.

In ka yi waɗannan uku, ka auna kafin ka sake kashe ko sisi. Akwai fenti na musamman da ake ɗigawa a gefen faifai, wanda ke sauya launi in zafi ya kai wani mataki. A saitin fentin kamfanin AP Racing, kore yana juyawa a digiri 430, ruwan lemo a 560, ja a 610. Akwai kuma 'yar takarda mai mannewa a jikin kalifa, in ta nuna yana wuce digiri 200 a kai a kai, robobin fistin suna cikin haɗari. In jan fenti yana juyawa duk fita alhali ga mai, ga fad, ga iska, to a nan ne babban birki ya zama dole, kuma a lokacin zan ce maka ka saya ba tare da wata-wata ba.

In lokacin ya zo, ka sayi saitin da aka lissafa wa motarka takamaimai. Yawan fistin ba shi ne ƙarfi ba, faɗinsu gaba ɗaya shi ne. Ana yin shida ne, ƙanana da manya, don a rarraba matsi a kan dogon fad ya ci daidai. In faɗin ya fi ƙarfin mastan birkinka, wato famfon da fedal ke tura mai da shi, fedal zai yi tsawo, aikin ya karkata gaba fiye da kima, ƙafafun baya su zauna ba sa taimakawa, har tsayuwar ta fi ta da nisa. Abin da babban birki ke sayo maka shi ne taku na ashirin ya zama daidai da na farko. Nisan tsayuwa a taku guda kuwa taya ce ke yanke shi: in birkinka na yanzu yana iya tayar da ABS, ya riga ya fi ƙarfin tayarka.

Tambaya: Faifai mai huji-huji ya fi kyau a ido. Ya fi aiki a fili?

Amsa: A'a, Malam. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Kowane huji wuri ne da tsaga ke farawa in ƙarfe yana ɗaukar zafi yana hucewa. Ka ɗauki mai tsagi a fuska, ko mai fuska sumul. In ka riga ka sayi mai hujin, ka riƙa dubawa bayan kowace fita, ranar da tsaga ta haɗa huji biyu ko ta kai baki, a cire shi.

Tambaya: Ni mace ce, shekarata ta uku ke nan ina tuƙi a fili. Ina son ɗaura faifan milimita 380, amma sai na koma wili mai inci 20 kafin ya shiga. An ce mini kowane kilo a ƙafa daidai yake da kilo 10 a jikin mota. Gaskiya ne? Me zan yi?

Amsa: 'Yar'uwa, kin yi tambayar da ta kamata, kuma kin yi ta kafin sayayya, abin da mutane da yawa ba sa yi.

Nauyin mota kashi biyu ne. Akwai wanda ke zaune a kan sifirin: bodi, injin, ke kanki. Akwai wanda ke ƙarƙashinsa yana bin ƙasa kai tsaye: taya, wili, faifai, kalifa, boris da gidansa, da wani ɓangare na hannuwan ƙafa da shokazoba. Duk lokacin da taya ta hau gargada ko dutsen gefen kwana, wannan nauyi na ƙasa ne ake cillawa sama, sifirin da shokazoba kuma su ne za su dawo da shi kan kwalta. In ya yi nauyi, yana daɗewa kafin ya dawo ya zauna, kuma a wannan ɗan lokaci tayar ba ta riƙe ƙasa sosai. Jikin mota yana lilo sau ɗaya zuwa biyu a daƙiƙa, ita ƙafa kuwa tana tsalle sau 10 zuwa 15. A fili mai santsi kamar tabarma ba za ki ji bambancin sosai ba. A fili mai gargada irin Nordschleife na Nürburgring a Jamus, mai tsawon kilomita 20.8, za ki ji shi a sitiyari da kujera.

Injiniyoyi sun daɗe suna fama da wannan. Citroën DS ta 1955 ta kai faifan gaba ciki kusa da akwatin giya, Jaguar E-Type ta 1961 ta yi haka da na baya, Lotus 72 ta 1970 ita ma ta ɗauke birki daga ƙafa. Duk don a sauke wa ƙafa kaya. An bar tsarin ne galibi saboda wuyar sanyaya shi da wuyar gyara.

Maganar kilo 10 kuwa ƙari ne. A lissafin tashi da tsayuwa, abin da ke juyawa sai an biya masa sau biyu, na tafiya da na juyi, amma iyakarsa ninki biyu ne, shi ma sai nauyin yana can bakin taya. A wili wajen ɗaya da rabi ne, a faifai kuwa ɗan sama da ɗaya kaɗan, tun da yana kusa da tsakiya. Wannan ya nuna miki inda matsalarki take: ba faifan 380 ɗin ne zai fi cutar da ke ba, wilin inci 20 da zai jawo ne, domin yana tura nauyi can nesa da tsakiya, tayarsa kuma gajeren gefe gare ta, ba ta shanye gargada. Garin neman ƙiba sai a samo rama.

Ki nemi faifan da zai shiga wili mai inci 18, wato 350 ko 355 a yawancin motoci, amma mai kauri, mai karkatattun hanyoyin iska a ciki. Irin wannan akwai na dama akwai na hagu, kada a musanya. Ki ɗauki mai gida biyu: zoben baƙin ƙarfe a waje, hular alminiyom a tsakiya. Yana rage kilo ɗaya zuwa biyu a kowace ƙafa, yana barin zoben ya buɗe da zafi ba tare da ya karkace ba, yana kuma rage zafin da ke gangarawa boris. Kalifan alminiyom ya fi na ƙarfen zubi rashin nauyi. Wilin da aka ƙera ta hanyar matse ƙarfe ya fi na zubi rashin nauyi da ƙarfi. A nan ake rage nauyi: hula, kalifa, wili. Zoben da fad ke gogawa kuwa a bar masa namansa, domin shi ne rumbun da zafi ke sauka. Kafin ki biya, ki buga hoton awon kalifa da masu ƙerawa ke bayarwa, ki yanke a kwali, ki gwada a cikin wilin. Sandunan wili sun fi faɗinsa hana kalifa shiga.

Tambaya: Sabuwar motar da zan saya akwai zaɓin birkin kabon-seramik. In ƙara kuɗi in ɗauka, tun da fili zan riƙa zuwa?

Amsa: Ranka ya daɗe, nauyinsa wajen rabin na ƙarfe ne, wannan gaskiya ce. Porsche ta sa shi a 911 GT2 a 2001, Ferrari Enzo ta fito da na Brembo a 2002. A kan titi yana daɗewa ƙwarai, ba ya tsatsa, ƙurarsa kaɗan ce. Amma a zafin fili mai ɗorewa, zaren kabon da ke cikinsa yana ƙonewa a hankali, faifan ya riƙa rage nauyi alhali kaurinsa bai sauya ba, shi ya sa ake ɗora shi a sikeli don a san lafiyarsa. Tsakuwa ɗaya in ta ɓantare bakinsa, sai sabo, kuma sabon ya ninka na ƙarfe sau da yawa. Da yawa daga masu zuwa fili a kai a kai cirewa suke yi su ajiye, su ɗaura ƙarfe. In fitarka sau biyu ko uku ce a shekara, ɗauki. In duk wata ne, ƙarfe mai gida biyu ya fi maka. Kada kuma ka haɗa shi da na Formula 1, wancan kabon ne zalla, yana kaiwa digiri 1,000, kuma ba ya kamawa sosai sai ya yi zafi.

Tambaya: Tun da na dawo daga fili sitiyari ke rawa in na taka birki. Bakanike ya ce faifan ya lanƙwashe.

Amsa: Mai yiwuwa ne, ɗan'uwa, amma abin da ya fi faruwa shi ne fad ya bar shafe a fuskar faifai, wani wuri da kauri wani wuri babu. Yana faruwa in ka tsaya da faifai yana wuta, ƙafarka a kan birki, ko ka ja birkin hannu. Duba fuskar, sau da yawa za ka ga zanen fad ɗin a kwance. In abin bai yi nisa ba, sake zaunar da fad yana gyara shi: a wurin da babu kowa, taku takwas zuwa goma masu ƙarfi daga kilomita 100 zuwa wajen 20, ba tare da ka tsaya cak ba, sannan ka yi tafiyar mintuna kana barin birki ya huce. In akwai tabo mai shuɗi-shuɗi da tauri, ƙarfen ya riga ya sauya, ko an goge zai dawo, sai dai sabo. Nan gaba ka yi zagayen ƙarshe a hankali ba ka taɓa birki sai dole, in ka faka ka bar ta a giya ko a sa mata waigi, bayan minti biyu ka ɗan gangara da ita rabin taya don kada wuri ɗaya ya dahu a ƙarƙashin fad. Da ta huce, ka sake ɗaure notocin wili da sifana mai awo, daidai da lambar da littafin motar ya bayar.